Uwar Nonon 'Yar Burusho

Sun rushe benen. Ɗan farina ne ya biya da ni ta Takoma Park, a nan Amurka, a makon jiya, muna dawowa daga ganin likitan ido, wai bari ya nuna mini tsohuwar unguwarmu, sai muka tarar da fili da shingen waya, ga wata motar tono a tsaye daidai inda ɗakin wankinmu yake a da. Na ce mu wuce, shi ma bai matsa ba, ya san halina. Kwana biyu bayan haka sai ga waya, kamar an haɗa baki, kuma tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. Na share gidan nan na Bowie da matar ɗana ta riga ta share, na sauke tukwane na sake jera su, na fita bakin titi na dawo har sau uku ba tare da na san abin da ya fitar da ni ba. Jikokina suna ta kallona suna raɗa da Turanci, suna zaton kunnena ya tafi tare da idon.

Muryar mace ce, babba. Ta ce, "Inna, ina wuni?" da irin Hausar yara, wadda ta tsaya a inda aka bar ta, sannan ta koma Turanci. Ban bukaci ta faɗi ko wace ce ba. Mutum ɗaya ne a duniya ke ce mini Inna, don 'ya'yan cikina Mama suke cewa. Baturiya ce, yarinyar maƙwabtanmu da na shayar, ni na laƙaba mata sunan saboda farinta da idonta mai ruwan ganye. Ta ce ta samo ɗana ne a intanet, za ta zo ranar Asabar da hantsi. Kafin ta ajiye sai ta ƙara da cewa, "Inna, kada ki sa komai a ranki. Mun san Baba ne ya ɗauke ki, ya hana ki nemanmu. Mun yafe masa tuni, Allah ya jiƙansa." Baban da take nufi shi ne Malam, mijina, wanda ke kwance a maƙabarta yanzu, kuma mutumin nan bai taɓa hana ni neman kowa ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ranar Asabar ko dai in bar mamaci ya ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba, ko in faɗi gaskiya in sake rasa yarinyar.

Ina da ƙuruciya sa'ad da muka shiga benen nan, Malam yana karatu, ni ina fama da sanyi da kewar Zariya. Hawa na uku muke. Ƙarfen ɗumama ɗaki ba ya tashi sai ya yi ta ƙwanƙwasa kamar maƙeri, matattakala kuma tana ɗauke da ƙamshin kowa: gahawar Habashawa a ƙasa, masarar mutanen ƙasar Salbado a hawa na biyu, daddawata a sama, wadda mai kula da benen ya taɓa zuwa nema da tocila yana zaton wani abu ne ya mutu a bango. Ba a rufe ƙofa da rana. Takalmi ake tokarewa da shi, don in yaro ya yi kuka kana ɗakin wanki wani ya leƙa maka. A nan Bowie kuwa ƙofar gareji ce ke buɗe kanta, mota ta shige, ta rufe, maƙwabcinka ya ɗaga maka hannu ta bayan gilashi, shi ke nan kun gaisa. Gidan yana da kyau, ban raina ba, amma na shekara da shekaru ban ji ƙamshin miyar kowa ba sai tamu.

A benen, ƙofar su Baturiya na kallon tamu. Maigidan yana tuƙa tasi, matar doguwa ce mai ƙarancin magana, sai uwarsa, tsohuwa mai wata hula zagayayyiya da aka yi wa ado da zare, tana ɗora farin mayafi a kai. Api suke ce mata, wato kaka, ni ma na bi sahu. Da farko Indiyawa na ɗauke su, har na yi wa tsohuwar gaisuwar da na tsinta a finafinan Indiya, ina ji da kaina. Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ta kira ɗanta. Shi ya yi mini bayani cikin dariya: su Burusho ne, daga wani kwari mai suna Hunza can ƙuryar arewacin Pakistan, tsakanin duwatsun da ƙanƙara ba ta sauka daga kansu. Harshensu Burushaski, kuma ba shi da ɗan'uwa a cikin harsunan da ke kewaye da su, masana sun yi ta nema ba su samo masa dangin da kowa ya yarda da shi ba. Malam, mai son gardama, ya samu abin yi. Sukan zauna a kan matattakala ranar Lahadi suna jayayya a kan asalinsu. Wasu na cewa jikokin sojojin wani sarkin Girka ne na dauri da suka ɓace a duwatsu suka yi aure, maigidan kuwa ya ce wannan labari ne da ake sayar wa masu yawon buɗe ido. Malam ya ce ai mu ma muna da baƙon da ya kashe macijiya a rijiyar Daura, kowa yana son kakansa ya zo daga nesa a kan doki. Da aka fassara wa Api sai ta yi tsaki. Ta ce su ba su zo daga ko'ina ba, duk wanda ya iso kwarin ya tarar da su suna hawa dutse da kwandon ƙasa a baya.

Ni da Api ba mu da harshe ɗaya, amma ban taɓa samun wadda ta iya yi mini faɗa kamarta ba. Ba ta iya ganin famfo yana zuba. Sai ta shigo kicin ɗina, ta kashe, ta nuna mini yatsa. Ɗanta ya ce a garinsu ruwan sama bai isa noma ba, ƙanƙarar saman dutse ce ke narkewa, kakanninsu suka sassaƙa mata hanya a jikin dutsen da hannu, ta zagayo har gonaki, kuma kowane gida yana da lokacinsa na ban ruwa, in ya wuce ka sai wani zagayen. Akwai wani ɗan itace da suke ji da shi, ju suke ce masa, Turawa kuma afirikot. Suna shanya shi a kan rufin ɗaki, su ci shi duk lokacin sanyi, ƙwallon kuma a fasa a matse mai, kamar yadda muke yi da aduwa. In an aiko musu da busasshe daga gida, Api ba ta yar da ƙwallo ko ɗaya. Takan zauna a bakin ƙofa da wani dutse da ta tsinto a rafin bayan unguwa, ƙwas, ƙwas, har la'asar, tana tura mini ƙwayar a tafin hannu. Shayinsu da gishiri ake sha. Ranar farko na zaci kuskure ne, na haɗiye don kara, daga baya har nema nake yi. Musulmi ne, amma tafarkinsu daban da namu, kuma a benen nan ba wanda ya taɓa tambayar wani yadda yake ibadarsa.

Ɗana yana wata biyar matar maƙwabcin namu ta haihu, ta dawo gida, zazzaɓi ya mayar da ita asibiti. Jaririyar ta ƙi kwalba ƙememe. Kwana biyu muna jin kukanta ta bango, har muryar ta fara shaƙewa. A rana ta uku bayan azahar ina zaune ina ba nawa nono, sai ga Api ta turo ƙofa da ƙafa, jaririyar a hannu, ɗanta a bayanta ya sunkuyar da kai. Ba ta nuna komai da hannu ba a ranar, tsayawa kawai ta yi. Na dubi Malam, ya ce, "Karɓe ta mana, rai ne." Na karɓa. Ta kama kamar dā ma ni take jira, na ji zafin ja har cikin bayana, ɗakin ya yi tsit. Api ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta kama hannuna ta sumbata, ni kuwa kunya ta kusa kashe ni. Mako uku ina shayar da su biyu, har uwar ta dawo ta warware. A lissafina na yi taimakon maƙwabtaka. Na san hukuncin shayarwa, yaran sun zama wa da ƙanwa, babu aure tsakaninsu, iyakar abin da na sani ke nan.

A wurinsu kuwa abin ya wuce nan nesa. Usham suke kiran wannan zumunci na nono, kuma maigidan ya ce a zamanin dā sarakunansu ma ba sa rainon 'ya'yansu, ba da su ake yi ga wasu gidaje a shayar, gidan da ya shayar da yaro kuwa ya ɗaure da shi har mutuwa, in ya hau su hau, in an kore shi su bi shi gudun hijira. Na yi dariya na ce to ni ba sarauniya na shayar ba. Shi bai yi dariya ba. Daga ranar in na shiga ɗakinsu sai ya miƙe tsaye. Duk abin da aka aiko daga gida ni ake fara buɗe wa. Ba a huda wa Baturiya kunne ba sai da na ce to, ba a sa ta makaranta ba sai da aka kawo mini takardun, ni da Turancina bai wuce na kasuwa ba. Na taɓa yin cacar baki da wata mata a hawa na biyu a kan injin wanki, abin da bai kai ya kawo ba, washegari ni da ita mun shirya. Amma gidan Api sun daina gaishe ta har shekara biyu, har danginsu da ke zuwa daga jihar Bajiniya, waɗanda ba su san fuskarta ba sai da aka nuna musu, su ma suna ɗauke kai.

Ga kuma yarinyar. Mu an raine mu da kunyar ɗan fari, ba na kiran sunan nawa, ba na wasa da shi a gaban mutane, har yau da furfura a gemunsa ban faɗi sunan ba. Baturiya kuwa ba ruwanta da wannan. A tsakiyar taron suna, a gaban matan Kano da na Kumasi, za ta kutso da gudu ta haye cinyata tana "Inna! Inna!", ta cusa hannu a rigata. Matan su yi ta gumtse dariya. Wata ta ce, "Ke kam kin samu 'ya a sama, sai ki ajiye namu baƙin." Api ta ga ina kawar da kai daga ɗana ina rungumar jikarta, sai ta yanke cewa yarinyar na fi so, ta ƙara sakar mini ita. Kuma ina son ta, Allah ya sani, ina son ta har yana ba ni tsoro. Amma innata ta gargaɗe ni ranar da zan taho cewa kada in bar maƙwabta su san cikina, ga shi waɗannan sun shige cikin nawa sun shimfiɗa tabarma. Na fara jin kamar ba ni da ƙofar da zan rufe.

Da Malam ya gama karatu ya samu aiki, muka samu gida a Bowie, maigidan ya zo ya yi murna, sannan ya ce su ma za su fara neman wuri a kusa da mu, don ba a raba yaro da uwar nononsa, kafin nan kuma Baturiya za ta riƙa yin hutu a wurina. Bai tambaya ba, faɗa ya yi, kamar mai ba da labarin gobe Talata. Na yi murmushi kawai. Ranar tashi ta faɗo tsakiyar mako, maigidan yana kan tasi, matar tana wurin aiki, yarinyar tana makaranta, shekararta shida. Malam ya rubuta adireshi da lambar sabuwar waya a takarda, ya ce in kai wa Api, shi yana ƙasa da masu loda kaya. Na hau, na same ta a bakin ƙofa, na rungume ta, na yi mata alama da hannu cewa zan dawo. Takardar tana cikin jakata, kuma a cikin jakar ta sauko. Na ce wa kaina wata ɗaya kawai nake so in sha iska, sannan in kira. Wata ya zama shekara, kunya ta yi ta ƙaruwa har ta fi ƙarfin ɗaga waya. Malam ya yi ta jiran su kira, yana tambayata ko dai tsohuwar ta yar da takardar. Da ya je benen daga baya ya tarar sun tashi. Har ya rasu yana cewa bai san abin da ya yi wa mutumin nan ba da ya yanke shi haka.

Yanzu na gane yadda aka yi laifin ya faɗa kansa. A tunaninsu uwar nono ba ta tafiya da ƙafarta. Abu ne da ba ya faruwa, kamar a ce ruwa ya hau dutse da kansa, don haka dole wani ne ya ja ta, kuma wa zai ja mace in ba mijinta ba? Sun ba ni mafita a shirye, ba sai na ƙirƙiri ƙarya ba, shiru kawai zan yi. Ranar Juma'a na gwada shirun a gaban madubi, ya zauna mini daram. Ɗana ya same ni a kicin ya ce, "Mama, are you okay? Tun jiya kike ta zirga-zirga, ko in yi cancel ɗin zuwan ne?" Na ce ya bar ni, ƙafata ce ke son motsi.

Ta zo da hantsi, ita kaɗai, a farar mota. Mace ce cikakkiya, har da silin furfura a gaban goshi, ta ce a wani asibiti take aiki wajen Largo, duk shekarun nan tafiyar minti kaɗan tsakaninmu. Ta durƙusa ta kama hannuna za ta sumbata, na janye. Na zaunar da ita, na kori jikoki, na ce wa ɗana ya tsaya ya ji, don maganar ta shafi ubansa.

Na ce, "Baturiya, kafin ki sha ruwan gidan nan. Malam bai ɗauke ni ba. Shi ya rubuta adireshi ya ce in ba Api. Ni na ɓoye."

Ta yi murmushi irin na wanda bai ji daidai ba. "Inna, ba sai kin kāre shi ba."

"Ba kāre shi nake ba. Ni ce. Kun so ni da yawa, na ji nauyi, na gudu. Ba wani dalili bayan wannan."

Ɗana ya ce, "Mama!" sau ɗaya, ya nemi kujera.  Ita kuwa da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta ce ranar da ta dawo daga makaranta ta ga ƙofarmu a rufe, ta zauna a bakinta har aka ɗauke ta da ƙarfi, kuma ta yi haka kullum har ƙarshen zangon. Ta ce ubanta ya shekara yana zagaya unguwanni da tasi ranar Lahadi yana neman motar Malam, ba don ya gaishe shi ba. Api ta rasu tana yi mini addu'ar Allah ya fitar da ni daga hannun azzalumi. Uban ma ya rasu, uwar ta koma Hunza da zama, kuma a can duk dangi sun san labarin baƙin mutumin da ya raba yarinya da uwar nononta, har yau ana ba da shi.

Na ce, "Ki yafe mini." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta buɗe jaka ta ciro waya, ta duba agogo, ta ce a can yanzu an yi magariba, uwarta tana gida.

"Ni ba zan kai wannan maganar ba," in ji ta. "Sunan mutum ne aka ɓata a garinmu, kuma wanda ya san gaskiya shi ke wanke shi da bakinsa. Ke za ki faɗa mata, ita kuma ta tara dangi."

Na ce, "Yanzu?"

"Yanzu." Ta danna, wayar ta fara ƙara, irin kiran da ake ganin fuska. Ta dube ni, idonta ya yi ja, sai ta miƙo hannu ta ja mini gefen ɗankwali da ya zame. "Gyara zama, Inna. Za su gan ki."

Na gyara. Na karɓi wayar da hannu biyu, na ce mata ta matso kusa, don Turancina guduwa yake in na tsorata. Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. A ƙara ta huɗu aka ɗauka.